Inuwa Ɗaya a Idi-Araba

An haife ni daf da sha biyun dare, aka ce Larai.
Ita ta jira agogo ya juya, aka ce Lami.
Tun ran nan Baba ke ƙirga mu kamar kuɗin canji:
ɗaya, biyu, ya tofa, ya murza makulli.

Hawa na uku, Idi-Araba.
Tagarmu ƙarfe tara gare ta, na lashi kowanne,
duk gishirin teku ne.
A ƙasa yaran danfo na kiran Oshodi har murya ta dushe,
mu ko titin ba mu taɓa takawa ba.

Cibiyoyinmu na cikin gwangwanin madara
ƙarƙashin gadon Umma, ɗaure da baƙin zare.
Inuwoyinmu kuwa ranar suna aka yanke su,
aka ninke cikin lalitar Baba.
Da su yake fita kasuwa,
dala na bin sa kamar kaji sun ga tsaba.

"Don ku muke yi," in ji Umma,
tana ja mana kitso har ido ya kawo ruwa.
"Legas na cin 'ya'yan mutane."
Ba ta faɗi abin da gida ke ci ba.

Lami ce ta fara daina magana.
Sai tukunya ta ƙi tafasa, kwana bakwai,
wuta na ci, ruwa sanyi ƙalau kamar na randa.
Sai kunamu suka hau bene a jere
suka kwanta a takalman Baba.
Ba su harbe shi ba. Jira suke.

Daren da aka ɗauke wuta, janareto ya shaƙe,
kwatoci suka cika suka kira teku,
ruwa ya hawo matakala yana sallama da muryar tsohuwa.
Lami ta ciji zaren.
Ni na ji tsamin a haƙorina.

Lalita ta buɗe baki.
Inuwa ɗaya ce ta rarrafo, duk ta yamutse.
Ɗayar tuni Baba ya kashe ta,
ya sayi fili a Ikorodu.

Ba mu tambayi ta wace ce ba.

Yanzu karɓa-karɓa muke yi.
Laraba ni ke yafa ta, in shiga Mushin in sayi gasasshiyar agada,
mai canji ya miƙo min hannu, ya ga mutum.
Alhamis Lami ke tafe a kan doguwar gada,
ni ina gefenta, iska kawai, ina kaɗa mata gyale.
Sauran kwanaki mu shanya ta ta huta.

An ce har yau, in an yi isha,
wani dattijo kan buɗe ɗakin da ba kowa,
ya ce ɗaya, ya ce biyu,
ya tsaya yana sauraro.
A madafa matarsa na ta ƙara wuta.