Matakala Ɗari da Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Valparaíso,
garin da aka rataye a jikin tsauni kamar shanya.
Ni na ci matakalan nan, ko su suka ci ni?
Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya ce su ne.

Aka yanka, aka cire, aka sa ta ƙarfe.
Kwana tara ina taƙama a tsakar ɗaki,
ina ce wa Griselda ta nemo takalmin rawarta.
Daren na goma sai gwiwa ta ɗau zafi
kamar gindin tukunyar da aka sauke yanzu.
Ɗinki ya yi ja, ya yi ƙyalli, ya fara tsatsafo,
haƙorana na kaɗawa cikin bargo biyu.
Na ce gobe. Griselda ta ce yanzu.
Maƙwabta huɗu suka sauko da ni a kujerar cin abinci,
matakala ɗari da sha bakwai,
Nibaldo mai gyaran takalma yana haki, yana zagin tumbina.

Ƙwayar cuta ce, in ji su, ta samu ƙarfe ta yi gida.
Abin da ido ba ya gani
ya kayar da wanda karnukan unguwa bakwai ba su kayar ba.
Suka ƙwace sabuwar gwiwar tun ban gama saninta ba,
suka cusa dunƙulen siminti mai magani a gurbinta.
Ƙafa ta miƙe samɓal, ta zama ta aro.

Mako shida, siririn tiyo a dantsena,
ruwan magani yana ɗiga, ina ƙirga masa.
Bakina ɗanɗanon tsabar kuɗi.
Ko miyar kifi na kurɓa, ƙarfe nake ji.
Yasna takan zo da asuba, hannunta sanyi ƙalau,
ta ɗebi jini, ta tafi da shi kamar saƙo.
Ni da na saba a jira ni a bakin ƙofa,
yau ni ke jiran takarda:
ɗari da tamanin,
casa'in da huɗu,
sittin,
sai kuma saba'in, ranar da na juya wa bango fuska
na ƙi yi wa kowa magana.

A gadon kusa da taga akwai Floridor, tsohon matuƙin jirgin ruwa,
yana gane jirage da kukansu, ba ya ko ɗaga kai.
Tasa ƙwayar ta fi tawa taurin kai.
Wata Laraba aka gungura shi, aka dawo da shi,
bargo ya kwanta shafe a inda ƙafa take.
Da ya farka sai ya tambaye ni lambata.
Na ce sha ɗaya.
Ya ce, to, ka taka mana mu biyu.

Yanka na uku. Ƙarfe na biyu.
Wannan karon ban yi maganar rawa ba.
Tanƙwara, miƙe, tanƙwara,
yaron da ke gasa min ƙafa yana awo da ma'auni,
ina cizon tawul kada jikata Ximena ta ji.

Jiya na gwada matakalanmu da sanda.
Na kai ta ashirin da uku na zauna,
teku a ƙasa, gumi a ido.
Yarinyar da ta gaje ni ta wuce da jaka, bibbiyu take tsallakewa,
ta miƙo min takardar kuɗin wuta ba ta ko tsaya ba.
Saura casa'in da huɗu.
Ba inda za su je.

Har yau, kafin barci, nakan ɗora bayan hannu a kan tabon,
in ji ko akwai ɗumin da bai kamata ba.
Can cikin dare, in Griselda ta zaci na yi nisa,
sai in ji nata hannun ya lallaɓo ƙarƙashin bargo,
ya tsaya, ya saurara,
ya koma.