Kafintan Ƙashi

Ranar Talata, bayan la'asar,
tsani ya zame da Baba a wani gini a Gwammaja.
Shekara arba'in yana hawan rufi,
katako bai taɓa cin amanarsa ba,
sai ga shi a taki na uku daga ƙasa,
ƙugu ya ce ƙas.

Kafin magariba gidanmu ya cika da likitoci
waɗanda ko allura ba su taɓa riƙewa ba.
Iya Ladidi ta ce akwai mai ɗori a Kurna,
tofi uku, kara bakwai, zakara guda,
kwana arba'in sai ka gan shi a sahun gaba.
Nafi'u ya ce asibitin kuɗi za a je.
Kawu Ɗanlasan ya ce asibiti ina,
su da abu kaɗan sai su ɗauko zarto.
Baba yana kwance, yana ƙirga azara.

Na ɗauki hoton ƙashin a baƙar leda,
na shiga gari da shi kamar mai talla.
Adaidaita biyar na hau a wuni ɗaya.

Na farko, ofishinsa sanyi kamar randa.
Ya ɗaga hoton, waya na maƙale a kunnensa,
ya faɗi kuɗi kafin ya tambayi suna.
Na biyu ya ce, kada ki damu, ƙanwata,
mako biyu zai yi tsalle.
Na kai wa Baba wannan albishir da zafinsa,
ya ce, Uwani,
duk wanda ya yi miki alkawarin ƙofa a wuni ɗaya,
ɗanyen katako zai sa miki.

Wata nas ce, a bakin famfo muna alwala,
ta ce, je ki layin Dakta Bara'atu,
amma ki zo da tabarma, layin da tsawo.

Muka kai shi a bayan motar Nafi'u,
kowane rami na titi sai da ya yi salati.
Tun hantsi har azahar muna kan benci.

Ƙaramar mace ce, tabaranta ɗaure da zare.
Ba ta fara da hoton ba.
Ta kama tafin ƙafarsa, ta ce motsa yatsu,
ta tambayi suga, ta tambayi hawan jini,
da wanda zai riƙa kai shi bayan gida.
Sannan ta sa ma'auni a kan hoton,
ta auna, ta rubuta,
ta sake aunawa.

Na ga idon Baba ya tsaya a hannunta.

Ya ce, ƙusa nawa za ki sa?
Ta ce, sai na ga ƙarfin ƙashin.
Ya ce, in ya yi taushi fa?
Ta ce, tsohon katako ba a matsa masa,
akwai wata dabarar, zan zana maka.
Ya ce, zan koma kan rufi?
Ta yi shiru kaɗan. Ta ce, a'a.
Amma masallaci, in Allah ya yarda, da ƙafarka,
wataƙila da sanda.

Ni a'ar nan ce ta tsaya min a maƙoshi.
Shi kuwa dariya ya yi,
ta farko tun ranar Talata,
har ciwon ya katse masa ita.
Ya ce, Uwani, sayar da injin yankan nan.
Wannan ta yi zaman koyo a gaban wani.

Wata huɗu ke nan.
Sandar da kansa ya fere ta, yana zaune,
ya yi wata, ya shafe ta da mai,
ya ce in kai asibiti
ko akwai wanda bai da ita.
Iya Ladidi har yau tana cewa
da Kurna aka je, da tuni.