Hoto na Dubu Ɗaya da Ɗari Tara

Kwana tara suka ba mu,
Juma'a sha biyun rana za a rufe ƙofa.
A ɗakin sama, bisa tudun Valparaíso,
inda matakala ta fi titi yawa,
muka toshe taga da baƙin bargo
don kada rana ta sa mana baki a aiki.

Masuncinmu na yumɓu ne, tsayinsa taƙi guda,
ƙashinsa waya, gemunsa zaren tsohuwar safa.
Kafin ya ɗaga hannu ya gaida teku
sai na taɓa shi sau goma sha biyu,
sau goma sha biyu Ximena ta danna kyamara,
duk wannan wahala, daƙiƙa ɗaya.
An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Mu a kan hanya muke shuka duman.

Eliodoro na can lungu da kwanon wanki,
yana karkaɗa ruwa a gaban makirufo.
Shi ne tekunmu, shi ne iska,
in ya murza leda, ga ruwan sama.
Shayi ya huce, burodin jiya ya zama dutse.
Uwata ta kira sau uku, ban ɗaga ba,
yatsuna duk shuɗin yumɓu.

Zafin fitila kan narkar da hancin tsohon.
Sai mu kai shi firji, kusa da man shanu,
mu yi cirko-cirko muna kallon agogo
kamar masu jinya a ƙofar asibiti.

Daren ƙarshe, ƙarfe uku da kwata,
muna kan hoto na dubu ɗaya da ɗari tara,
karnukan unguwa suka ɗauki haushi gaba ɗaya.
Cokali ya yi magana a cikin kofi.
Sai ƙasa ta ɗan motsa kafaɗa,
irin girgizar da mutanen garin nan
ko juyi ba sa yi a gado dominta.
Mu fa?
Kwalekwale ya goce daga alamarsa,
fitila ta sunkuya, inuwa ta koma hagu,
masunci ya durƙusa da gwiwa ɗaya,
hularsa ta faɗa tekun takarda.

Ba wanda ya ce uffan.
Ximena ta zauna daɓas, ta cire tabarau.
Awa tara ba kaɗan suka rage,
gyaran ɓarnar kuwa sai yini da kwana.

Eliodoro ne ya leƙa ta idon kyamara.
"Ku zo ku gani. Ai ba faɗuwa ya yi ba.
Wani abu ya hango a cikin ruwa."

Muka leƙa. Haka ne kuwa.
A rubuce, da kifi zai koma gida.
Na yage shafin, na goge hannuna da shi.
Muka bar shi a durƙushe.
Ina miƙa hannunsa, kaurin gashi, kaurin gashi,
hula tana nisa, kaurin gashi, kaurin gashi,
har teku ya tafi da ita.
Ba mu taɓa gina masa bakin dariya ba.
Da tsinken sakace Ximena ta buɗe masa ɗaya,
ya karkace, muka bar shi a haka.

Sha ɗaya da kwata muka fara turawa.
Intanet na jan ciki kamar katantanwa,
kashi casa'in, ya tsaya shan iska.
Eliodoro na lallashin kwamfuta da sunayen kakanninsa.
Sha biyu saura minti takwas: ya tafi.

Sai a lokacin na lura,
a kumatun tsohon, tun daga farko har ƙarshe,
ga shatin babban yatsana, ɓaro-ɓaro.

Na yaye bargon. Haske ya mare mu.
Can ƙasa, bayan rufin kwano masu tsatsa,
ga tekun gaske yana ta motsi,
ba mai taɓa shi,
ba mai ƙirgawa.
Na daɗe a tsaye
kafin na tuna da wayar uwata.