Allo Biyu a Bakin Ajiwa

Mannir ya buɗe bayan mota,
ya kwantar da su a kan ciyawa,
allo biyu, daga Legas ya ɗauko:
ɗaya gajere, ja kamar gauta ta nuna,
ɗaya dogo, mai faɗi, baki a ɗage kamar kwalekwale.
Ya ce, "Likita, zaɓi. Ai kai ne ka san hawa."

Na san hawa kuwa.
Shekara shida a Almati
ina karatun ƙashi da jijiya,
ran Lahadi in hau dutse,
in gangaro kan dusar ƙanƙara,
ƙafar hagu a gaba, gwiwa a tanƙware,
kaifin allo yana aske farin tudu
kamar askar wanzami ran suna.
Can in za ka zaɓa, tsayar da shi kake,
in ya taɓo haɓarka, naka ne.

Sai hannuna ya tafi ga jan nan.

Baba Gide yana zuba mai a injin jirgi,
ko ɗago kai bai yi ba.
Ƙanƙarar da ya sani a duniya
ita ce wadda ta kashe masa gero bara waccan.
Ya ce, "Yaro, kilo nawa gare ka?"
Mannir ya tuntsire da dariya,
don ya san aikin da tuwon Inna ya yi
tun ran da na sauka.
"Ruwa bai san tsawonka ba," in ji tsoho,
"nauyinka ya sani. Ɗauki babban."

Saura maɗaurin ƙafa.
Na nemi mai tauri, mai cizon idon sawu,
wanda in na ja igiya sai jini ya tsaya,
don a kan dutse ƙafa da allo
ba su rabuwa ko mutum ya wuntsila sau bakwai.
Ya karɓa, ya cusa yatsa, ya murɗa,
ya miƙo mini mai laushin.
"Mutum uku na tsamo a dam ɗin nan,
duka ukun ƙafa ce ta maƙale a koma.
Abin da za ka shiga ruwa da shi
ya san riƙo, ya kuma san saki."

Ban yi gardama ba. Na sa.
Yatsuna suna motsi a ciki,
raina bai kwanta ba.

Injin ya yi tari, igiya ta miƙe,
na zuba nauyi gaba yadda dutse ya koya mini,
hancin allo ya nutse,
na sha ruwan Katsinawa tun kafin a tace shi.
Karo na biyu ma haka.
Yaran Fulani a gaɓa sun bar shanu,
har da mai kwanciya don dariya.

"Bar neman tashi!" Baba Gide ya kwarma.
"Zamna kamar mai cin tuwo, ni za ni tashe ka!"

Na zauna. Na ba diddige nauyina.
Igiya ta ɗauke ni kamar guga daga rijiya,
ga ni tsaye,
ruwa na tsagewa a ƙarƙashina,
dogon allon nan na tafiya lumui,
belbelu suna watsewa,
na ji tsohuwar gwiwar nan ta tuna wani abu,
na karkata, na haye kumfar jirgi,
na ga sama, na ga ruwa, na ga sama.

Da na taso ina furzar da laka,
ƙafafuna babu kome,
allon yana can yana lilo shi kaɗai
da takalmansa a buɗe.

Da la'asar muka ci karfasa soyayya a takarda.
Mannir ya mayar da jan bayan mota,
ya ce babban kuma sai mun yi ciniki.