Farar Baƙuwa a Kwarin Kiso

Shekara talatin da takwas ina rabon wasiƙu a kwarin Kiso,
babu ƙofar da ban san sunan mai ita ba,
har karnuka suka gaji da yi mini haushi.
Yau ga ni durƙushe cikin ruɓaɓɓen ganye,
gwiwa ta jiƙe, tabarau ya yi raɓa,
a gaban abin da ba shi da suna, ba shi da adireshi.

Ruwa ya kwana yana zuba, da asuba ya ɗauke.
Na hau tudu neman ganyen da marigayiya Setsu kan soya,
sai na yi kiciɓis da su a gindin wani kututture.
Su biyar ne. Ba su kai tsawon tafin hannuna ba.
Farare fat, amma ba farin takarda ba,
farin kyandir da aka kashe ya huce,
har haske yana ratsa su kamar farcen jariri.
Duk sun sunkuyar da kai ƙasa
kamar masu gaisuwar mutuwa da suka iso da wuri.

Na ciro waya.
Hoton farko babban yatsana ne.
Na biyu hazo.
A na uku fitila ta haska, ta cinye su ƙurmus.
Sai na kwanta rub-da-ciki, tsofai-tsofai da ni,
na kare rana da hula, na riƙe numfashi,
na leƙa ta ƙasa kamar mai neman allura a ƙarƙashin gado.
Ashe ido ne da su. Shuɗi, guda ɗaya, da rawaya kewaye.
Ina kallonsa, yana kallona. Na danna.

Waya ta ce laimar kwaɗi ce.
Na sake tambaya, ta ce watakila ƙashin kifi.
Jikata Haruno ta amso daga Nagoya:
"Kaka, roba ce wani yaro ya yar, ka tashi kada sanyi ya kama ka."

Tsohuwa Kinuyo mai awara ta goge hannu a zani,
ta nesanta wayar, ta matso da ita, ta miƙo mini da sauri.
"Yureitake," ta ce, "kayan fatalwa.
Uwata ba ta barinmu mu nuna shi da yatsa."
Ta ƙara mini yanka ɗaya kyauta, ban san dalili ba.

Malamin firamare, Tatsuro, shi ya sauko da littafi mai ƙura.
Ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa har shayinmu ya huce.
Ginryoso. Ciyawar dodon azurfa.
Fure ce, ya ce, ba laimar kwaɗi ba,
sai dai ba ta da kore ko na ɗigo,
ba ta cin rana kamar sauran 'yan'uwanta.
Itace ke karɓa daga sama ya kai saiwa,
wasu zaruruwa a ƙasa su karɓa daga saiwa,
ita kuma ta karɓa daga hannunsu.

Na yi shiru. Na san wannan aikin.
Saƙo ya bi hannu uku kafin ya isa,
mai karɓa bai taɓa ganin fuskar mai aikowa ba.

Bayan sati uku na koma.
Biyu sun yi baƙi sun kwanta, ukun ban gan su ba,
sai wani kyankyaso da ya ruga cikin ganye.

Na wanke hoton a shagon bakin tasha.
Yana nan jingine kusa da na Setsu,
ita da ta san sunan kowane haki
amma ba ta taɓa ambata mini wannan ba.
A bayansa na rubuta da fensir, yadda na saba gani:
suna a sama,
sai gindin kututture, hagu da rafi, Kiso.
Wurin sunan mai aikowa na bar shi fili.