Zakaran Ruwa

Malam Mutari ya ce kar in haɗiye kalmar Jamusanci ɗungurungum,
in lalubo gaɓa,
yadda babana ke yi wa cinyar rago a kasuwar Dole.

Wasserhahn.
Na sa wuƙa a tsakiya:
ruwa nan, zakara can.
Kan yana wutsiya, daga baya ake karantowa.
Zakaran ruwa. Ashe famfo!
Na yi dariya har Habsu ta leƙo.

Mu ma muna da faɗi-ka-mutu, muna da hana-salla,
ban taɓa jin tsoronsu ba.

Da asuba na fita da jarka biyu.
Namu zakaran na Garin Malam
kwana tara bai yi cara ba.
Na bi layi, ina fiɗar Handschuh a zuci:
takalmin hannu.