Gaɓa Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alƙalamin fada a Garwa.
Ni na rubuta harajin gishiri, ni na rubuta na kanwa,
duk takardar da ta bar zaure da hatimi, hannuna ne a kanta.

Majalisa ta ce kuɗin gari sai an ƙirga a gabanta,
fada ta ce ba a auna wa maigida hatsin rumbunsa.
Magana ta zama sanda, sanda ta zama bindiga,
Binuwai ta zama iyaka.

Kada a yi mini kirarin mai gaskiya, ba ita ta tashe ni ba.
Sunaye goma sha bakwai aka ba ni in kwafe kafin asuba,
na waɗanda za a kama.
Na goma sha huɗu Hamajoda ne, mai gyaran keke a Yalwa,
wanda muka sha nono ɗaya.
Na tsallake shi.
Na kuma san da safe za a ƙirga.

Na haye a kwalekwalen Bobbo,
kwance ƙarƙashin taru, ina ƙarnin tarwaɗa.

'Yan majalisa suka ba ni shayi, suka ba ni kujera,
suka ajiye yaro da bindiga a bakin ƙofa.
Babbansu ya zaro sammacin da ya raba shi da gidansa bara,
ya shimfiɗa a gabana, ya sa yatsa:
"Malam Jidda, wannan wau mai doguwar jela,
ko a duhu na san ta."

Can sunana maci amana.
Nan sunana ɗan fada.
Inna ta aiko mai kifi ya gaya mini
in daina aika mata goro.
Hamajoda kuwa an kama shi duk da haka,
wani ya cike gurbin, har da kuskure a sunan.

Yau da magariba an kawo mini takarda da tawada.
Mutum tara na ƙetare, in kwafe kafin asuba.
Na san ƙofar gidan kowannensu.
Na ukun shi ya koya mini fiƙe alƙalami
ina ɗan shekara bakwai, ya riƙe hannuna a nasa.

Fitila tana shan kananzir.
Yaron nan na bakin ƙofa yana gyangyaɗi.
An ƙone jirgin Bobbo tun watan jiya,
kogin kuma gaɓa biyu kaɗai gare shi.